Haƙora Biyu a Hanyar Ɗan Isa

Ni ne Labo mai waya, nan Maraɗi, bayan tasha,
rumfata kwano huɗu ce, da benci mai ƙafa uku.
Shekara talatin ina shaƙar warin ruwan batir,
ya cinye min riguna, ya sa min hannu a wuyan hannu.

Da can sai an buɗe akwati, an lalubo sifana,
a kama kan batir cikin duhu ana salati.
Ƙarfe ya taɓi ƙarfe, wuta ta yi tsartuwa.
Na san mai gira ɗaya a Mokoyo, nan ya baro gudar.

Yanzu ga fulogi, ruwan toka, kamar sabulun wanki,
haƙora biyu farare kwance cikin bakinsa.
Babu namiji, babu mace.
Kife wannan bisa wancan, tura,
in ya ce ƙas, sun gaisa.

Ranar da na ɗaura wa Barmu nasa a gindin kamiyo
na ce: kama shi a kunne, kada ka ja shi a wutsiya.
Kada ka raba su wuta na tsakiyar tafiya.
Ja ba ya shiga ruwan toka, da dalili,
kada ka ɗauko wuƙa ka ce za ka sasanta su.
In haƙori ya yi kore, cire wuta, ka goge,
girisi kaɗan, gwargwadon kwalli a ido.
Ka riƙa taɓa shi da bayan hannu
yadda uwa ke taɓa goshin yaro,
in da zafi, matsin waya ya saki, kawo min.
Hularsa kuwa, Barmu, hularsa.
Baki buɗe ba ya rasa baƙo.

Ya ce to.
Irin to ɗin direba, ƙafa ɗaya bisa mataki.

Daren Laraba, an ɗauke ruwa,
buhun aya ɗari uku, hanyar Ɗan Isa.
Ya tsaya salla, ya dawo, ya murɗa makulli,
mota ta ce kyat, ta yi shiru.
Kwaɗi kawai ke magana.

Fitila uku suka wuce. Ta huɗu ta rage gudu.
Neino ne.
Damina biyu ba su ce wa juna sannu ba
kan wata safaya da aka ara, ta dawo a fashe.
Bai yi sallama ba, ya warware waya daga bayan kujera,
ya tura. Babu ƙas.
Ya sake turawa. Babu.

Suka haska da salula.
Hula ta daɗe da bin hanya,
zanzaro ya shigo, ya yi gini da laka,
ɗaki biyu, kowane haƙori da nasa.

Ƙarƙashin mota ba ta da faɗin gaba.
Ɗaya ya riƙe haske, ɗaya na sakace da tsinken tsire,
goshi kusa da goshi, sauro na cin su tare.
Karkato nan. Ɗaga kaɗan. Hura.
Iyakar zancen da suka yi ke nan,
amma ai zance ne.

Ƙas.
Inji ya yi tari, ya tofar da baƙin hayaƙi, ya tashi.
Neino ya jira, ya kama kunne, ya zare,
ya naɗe wayarsa a gwiwar hannu, ya hau.

Juma'a da hantsi sai ga Barmu a rumfata,
laka busasshiya har yanzu a ƙeyarsa.
Na ce wa ya tsaya maka?
Ya ce wani mutum.
Na miƙa masa hula, na ce ɗaure ta da zare biyu.
Ya juya ta, ya juya, ya dubi titi,
ya ƙirga kuɗi bisa bencin nan mai ƙafa uku,
ya ce: ba ni biyu.
Tasa ma na ga ta tsage.