Maɓalli Uku

Mijina Kuniaki ya dawo tun rana ba ta raba ba.
Ranar da ya dawo da wuri, ba na tambaya.
Ya cire takalma a bakin ƙofa, ya jera su,
ya sake jera su,
dusar ƙanƙarar Sapporo tana narkewa a kafaɗarsa.
Ya ajiye ambulan kusa da tukunyar shinkafa,
ladan aikin safiya.

Maɓalli uku ne a jikin bango, ya taɓa gaya mini
wani dare da giya ta kwance masa harshe.
Mutum uku, yatsa uku, dannawa ɗaya.
Guda ne kawai ke buɗe ƙasa ƙarƙashin ƙafafun mutum,
biyun na rarrashi ne,
don kowa ya koma gida ya ce wa matashinsa, ƙila ba ni ba ne.
Amma ni ke wanke rigarsa.
Ban taɓa ganin gumin ya rabu gida uku ba.

Da la'asar na je sayen awara wurin Hoshide.
Rediyonta ya riga ya faɗi sunan: Tabuchi.
Ba shi ya kashe 'yarta ba. Wancan yana can yana jiran layi,
shekara sha ɗaya yana cin abinci sau uku a rana.
Ta tsoma hannu a ruwan sanyi, ta ɗago awarar kamar jinjiri.
"Tsuntsun da ya ja ruwa," in ji ta, "shi ruwa kan doka.
Mitsue shekararta sha tara.
Laimarta har yau tana rataye a ƙusa.
Masu cewa a yafe, su zo su sauke ta."
Ta ƙara mini guda, ta ƙi karɓar kuɗinsa.
Ba ta san inda mijina ke aiki ba.
Ko kuwa ta sani, shi ya sa.

Da dare Chizuru ta bugo waya daga jami'a,
muryarta kamar wuƙar da aka gama wasawa.
"Mama, alƙali ɗan Adam ne, yana tuntuɓe.
In an gano kuskure, ƙofar kurkuku tana buɗuwa.
Wa ke riƙe da makullin kabari?
Hukumar da ta ce kada a kashe, da igiya za ta koya mana?"
Na ce ta sassauta murya, babanta na kusa.
Kuɗin karatunta daga jikin bangon nan yake fitowa.
Wannan na haɗiye shi da shayi.

Ni ban karanta shari'a ba.
In na tsaya gaban Hoshide, gaskiya tana tafin hannunta, jiƙe, da sanyi.
In na saurari 'yata, sai ta koma cikin waya.
Zuciyata ƙyauren takarda ce,
duk wanda ya tura sai ta zame.

Abin da na sani kaɗan ne.
Tabuchi ya kashe wani tsoho da matarsa
kan kuɗin da bai kai hayar wata biyu ba.
Shekara tara kuma Kuniaki yana miƙa masa shayi ta 'yar taga,
ya san tarinsa,
ya san yadda yake ninke bargo,
ya san tsuntsaye masu dogayen ƙafafu da yake zanawa a bayan takardar koke.
Yau da safe, da aka ɗaure masa ido,
cewa ya yi, "Na gode da ɗawainiya."
Ba ni mijina ya faɗa wa ba.
Ruwan wanka ya faɗa wa, na ji ta bayan ƙofa.

Gobe zai kai ambulan haikali yadda yake a liƙe,
a sayi turare, a ƙona wa mutum uku,
tsohon, da matarsa, da wanda ya kashe su.
Hayaƙi ba ya tambayar wane ne wane.

Yanzu dai yana zaune, shinkafa ta huce.
Ya riƙe tsinkayen ci da sauran yatsunsa,
manunin nan a miƙe, a ware,
kamar baƙon da ya zo gidan makoki
ba wanda ya san ta wajen wa ya zo.