Kumbar Gaba Goma Sha Bakwai

Shekara talatin ina shiga ƙasa kamar gyare,
igiya a ƙugu, diga a hannu.
Daga Bambai har Kalfu rijiyoyi sun sha gumina.
Na san jan marmara mai cin bakin ƙarfe,
na san farin dutse da ke kwance ƙarƙashinsa,
da yumɓu mai ɓarewa falle-falle kamar takarda.
Sunansu na boko ban sani ba,
tafin hannuna ne ya haddace su.

Wata rana, a gaba goma sha bakwai,
diga ta fasa dutse, sai ga kumba a ciki,
baki rufe, kamar wadda aka ba amana.
Tamo ta ce ta mutanen ɓoye ce, in mayar musu.
Ban mayar ba.
Shekara tara tana kwana a gwangwanin madara
tare da basilla da tsohon katin zaɓe.

Jikata Habsu ce ta ja ni.
Ta ce, "Kaka, akwai masu taruwa ran Asabar
bayan la'asar, a gidan samari.
Ba siyasa, ba rabon hatsi, duwatsu suke kallo."
Na ce, "To, Tawa ta samu sabbin mahaukata."
Na bi ta dai, don kunyar yarinya.

Benci huɗu, mutum goma sha ɗaya.
Ga Agali mai gyaran agogo,
ga ungozoma da gudumarta a jaka,
ga Bizo mai jan motar sumuntin Malbaza.
Malam Nomau, wanda alli ya ci yatsunsa a lakwal,
ya karɓi kumbata da hannu biyu,
ya matsa lemun tsami a gefen dutsen.
Dutse ya yi kumfa, yana tsuwa kamar mai a kasko.

Ya ce, "Baba, nan inda muke zaune teku ne dā."
Na dubi waje: akuya na cin kwali a gindin bedi.
Na ce, "Ruwan Ɗufana?"
Ya ce, "Kafin nan, nesa ƙwarai."
Ya rubuta shekarun a allo,
sifiri na bin sifiri kamar raƙuman gishiri,
har na daina ƙidaya na koma tasbihi.

Wata ya zaga, kowa ya ba da dala ɗari ta mai,
muka hau bayan mota zuwa tsaunukan Keita.
Ungozoma ta tsinci haƙorin kifi, baƙi wul, tsini bai mutu ba.
Habsu ta samo wani mai kamar ƙosai
da zanen tauraro a bayansa.
Bizo ya kwaso kashin awaki cike da murna,
muka yi dariya har Agali ya zubar da shayi.
Kowane dutse da 'yar takardarsa:
wuri, rana, sunan mai tsintuwa.
Karo na farko da aka rubuta sunana
ba don haraji ba.

A bakin wani kware Malam ya tsaya yana neman iyakar farin dutse.
Na ce, "Sauka kamu uku, za ka tarar da yumɓu."
Ya sauka. Ya tarar.
Ya daɗe yana dubana ta saman tabarau.

Yanzu wai Asabar mai zuwa ni ne mai jawabi,
in faɗi abin da ke bin wani, daga ciyawa har idon ruwa.
Ni da ko a ɗaurin aure ba na buɗe baki!
Habsu za ta riƙa zanawa a allo.
Tamo ta wanke mini riga tana gunaguni,
amma jiya da dare na gan ta, fitila a hannu,
ta buɗe gwangwani,
ta kara kumbar a kunne.