Inuwar Barau

Tun ranar da Keke Napep ya kayar da ni a bakin Kasuwar Barci
ƙafar hagu ta daina jin maganata.
Duniya ta tsuke, ta koma ɗaki guda a Tudun Wada:
taga, tabarma, gwangwanin fenti goma sha ɗaya,
ragowar allunan da na rubuta wa masu shayi da teloli
lokacin da nake iya hawa tsani.

Barau ne ke zuwa mini da daji a aljihu.
Ya jingine babur, ya zauna a dokin ƙofa,
ya miƙo wayar da gilashinta ya tsage gida uku.
"Ga Kajuru, dutse ya ɗauki ƙanensa a ka.
Ga Matsirga, ruwa na zubowa kamar ana warware rawani.
Wannan furen ɗorawa ne, kai ka ce tuntun hula."
Na ƙarshe kogin Kaduna ne, bayan gadar jirgi, rana na ɗagowa,
ruwan damina jajir,
da balbela guda tsaye a kan ƙafa ɗaya
kamar an ba ta labarina.

Shi na zaɓa.
Na sa yaro ya ciro falankin tsohon kanti.
Ba ni da koren ciyawar da ta sha ruwa jiya,
sai na aurar da shuɗin allon kemis
ga rawayar mai sayar da katin waya,
suka haifa mini abin da ya kusa.
Kwana tara ina kan sa.
Akwai baƙar leda maƙale a reshe, na ƙi ta.
Akwai silifa wari guda a cikin laka, na binne shi da burushi.
Na wanke kogin tas, kamar za a kai shi gaisuwar surukai.

Barau ya zo, ya duba, ya sake dubawa.
"Ina ledar?"
Na ce na share.
Ya ce, "To, wannan kogin Aljanna ne, Ilu,
ni kuwa ban taɓa zuwa can ba."
Ya bar shayinsa ya huce a ƙasa.
Kwana uku ban ji kukan babur ɗinsa ba.

Daren na uku, wuta ta ɗauke, sauro na kiɗa,
na buɗe hoton da ya turo mini,
na ware shi da yatsu biyu har ya fara dishi-dishi.
Can ƙasa, a kusurwar da ban taɓa kulawa ba,
ga wata doguwar inuwa kwance a kan yashi,
gwiwoyin hannu a ɗage,
ga bakin takalmi ya nutse cikin taɓo.
Takalminsa na zuwa aiki.
Ashe kafin ya ɗauki fasinja ko ɗaya
sai da ya gangara ya taka mini ƙasar
da ƙafata ta kasa takawa.

Baƙin fenti ya ƙare tun a allon mai faci.
Na kankaro kunkunniya daga gindin tukunyar maƙwabta,
na kwaɓa da ɗan kananzir.
Na mayar da ledar kan reshenta,
na tono silifan,
sannan na shimfiɗa inuwar, a hankali,
kamar mai rufa wa yaro zane.

Ran Juma'a bayan masallaci sai ga shi.
Ya daɗe tsaye, hula a hannu.
"Kaina bai kai haka girma ba," in ji shi,
ya jawo kofi ya zauna.
"Gobe da sassafe zan bi ta can. Me zan ɗauko maka?"

Na ce, ka dai duba mini balbelar nan,
ko ta sauke ɗayar ƙafar.