Kuɗin Magana

Ran da na ce sadarwa zan karanta,
Kawu Ɗantani na ɗinkin koma a gindin giginya.
Bai ɗago ba. Ya ce, "Ke Tumba,
magana za a sayar miki a Birnin Kebbi?
Mu nan Yawuri kyauta munka gaje ta,
har ta yi muna yawa, muna zubarwa a shara."

Amma shi ɗin ne ya sayar da bandar kifi kwando biyu,
ya ƙulle kuɗin a bakin zanen Inna,
ya ce in na ƙoshi da surutu in dawo,
akwai tarun da ke jiran mai gyara.

A kwaleji kyamara ɗaya ce, mu sittin da bakwai,
mai taɓa ta sai ya ajiye katinsa jingina.
Ɗakin ɗaukar murya, kwalin ƙwai aka manna masa.
In wuta ta ɗauke, mu karanta wa bango labarai,
mu kai aya, bango ya yi shiru, mu ƙara.

Malama Asabe Zuru, mai jan biro,
sau biyar tana maido mini da rahoto guda.
"Wa ya faɗa miki? Ke kin gani?
Wannan 'an ce' ɗin, ɗan wane gida ne?
Je ki nemo mini shi, ina nan ina jira."

Muka gama, muka watse
kamar jirage in kasuwa ta tashi.
Jabbi na tsara wa masu casar shinkafa talla,
har buhu ya sa ya yi murmushi a allo.
Larai na karanta labaran ƙarfe bakwai,
uwarta kan goge fuskar talabijin kafin ta fito.
Gado ya zama kakakin wani babba,
ya yi awa yana bayani, ka tashi hannu wayam.
Manu kuwa hoton biki yake ɗauka,
duk cikinmu ba mai abin da ya tara.

Ni na dawo gida da 'yar rikoda,
ina aika wa gidan rediyo, kuɗin kati daga jakata:
farashin albasa, tsadar man jirgi,
famfon da aka yanke wa kyalle bai taɓa ɗiga ba.
Kawu ya ce, "Wannan ai mun sani tun bara."

Sai wata Laraba jirgin 'yan kasuwa ya kife.
Takarda ta zo daga ofis, da hatimi: mutum tara.
Na riƙe ta, jan biron nan ya tsaya mini a ido.
Na gangara bakin ruwa, ban kunna komai ba,
na zauna cikin mata har magariba.
Wata ta ce Hanne.
Wata ta ce Hanne da goyonta.
Wani tsoho riƙe da takalmin roba wari guda
ya ce Na'Allah, daga nan murya ta ƙi.
Na ƙirga da yatsu, yatsu suka ƙare,
na koma kan babban yatsa na fara.

Goma sha huɗu.
Na karanta su da dare,
kowa da sunan ubansa, kowa da tungarsu,
a hankali, kamar mai cire wa yaro ƙayar kifi.
Waya ta yi ta ruri daga ofis,
na tura ta ƙarƙashin tabarma, na bar ta tana kira.

Da safe Kawu na gindin giginyarsa,
rediyo jingine da ƙafa, an ɗaure batir da kyauro.
Ya ce, "Na ji ki jiya. Ba ki tsallake kowa ba."
Ya ja zare da haƙori, ya tsinke.
"Ashe ba magana anka sayar miki ba."
Na ce, "To mene ne, Kawu?"
Ya miƙo mini bakin komar.
"Riƙe nan," ya ce, "ja da kyau.
Da can ke ba ki zama ki saurara."