Gadon Littafi

A Katako ya iske ni ina feƙe ƙafar kujera,
Baba Balkar, mai gyaran injin kuza a Bukuru,
rawani shuɗi, gemu a naɗe.
Ya ce, "Tanimu, gado nake so."
Ya gwada da hannu, kamu biyu da ɗoriya.
Na ce, "Allah ya raya."
Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.
"Ba jariri ba ne. Littafi ne."

Na ajiye zarto.

Ya ce da can baitocin a warwatse suke,
wasu a bakin tsofaffi,
wasu a takardun gidan da ya ƙi bayarwa.
Malaminsu na biyar ya zauna gefen tafki
yana faɗa, magatakarda na rubutawa.
Aka sa na masaƙi, aka sa na baduku,
har na wani Musulmi mai yawan tuna kabari.
Ba a tambayi asalin kowa ba.
Na goma da zai rasu bai naɗa mutum ba,
ya nuna littafin ya ce, ga malaminku.

"Shi ya sa muke kwantar da shi da dare,
mu tashe shi kafin asuba."

Na tuna allon kakana
da ko hula ba a ɗorawa a kai.

Maɗaci na zaɓa. Ban sa ƙusa ba.
Kwana huɗu ina guga.
Ran da ya zo ɗauka ana yayyafi,
ya tuɓe rigar sanyinsa ya rufe gadon,
ya bi titin Zariya yana rawar ɗari.

Cikon kuɗina har yau ban tambaya ba.