Albasar Tankari

Zuwansa na uku ke nan shagon,
ambulan a hammata, fuska ba annuri:
Tankari ɗan Nomau, dillalin albasa,
wanda buhunansa ke kwana kan hanyar Abijan.
Ya shimfiɗa hoton bisa teburina
kamar mai kai ƙara gaban alƙali.
"Yarinya, a Tawa muke,
amma wannan ba tawa ba ce.

Tawa shunayya ce, 'yar Galmi,
in ta fito daga rudu
sai ka ce an shafa mata man shanu.
Ke kuwa kin ba ni mai ruwan hanta.
In na aika wa mutumin Abijan wannan
zai ce Tankari ya tsufa, ya fara haɗi."
Ya kunna salularsa, ya miƙo har hancina.
Can ciki albasar tana ci kamar garwashi.

Na ce, Baba, gilashi da haske yake zane,
takarda kuwa da tawada.
Gilashi fitila ne, nasa yake bayarwa,
takarda 'yar aro ce,
abin da rana ta ba ta shi take mayarwa.
Tawada huɗu ce kawai a cikin injin nan,
da su nake ƙoƙarin biyan duniya duka.
Ya ce, "Jikka biyu na ba ki.
Ban sayi wa'azi ba."

Ban gaya masa ba
daren jiya ban rufe shago ba sai sha ɗaya.
Na aro 'yar na'urar awon launi daga Yamai,
ta zo a motar safe, naɗe cikin tsumma.
Na rataya ta a goshin kwamfuta kamar kaska,
tana tsotsar ja, tana tsotsar kore, tana tsotsar toka-toka,
saura kaɗan ta ƙoshi
aka ɗauke wuta.
Na sake daga farko.
Ashe shekara biyu gilashina yana min daɗin baki,
yana ƙara shuɗi inda ba a tambaye shi ba.

Sai ya sa hannu aljihun 'yar-shara,
ya fito da ita kanta.
Ya dire ta tsakanin salula da takarda.
Albasa uku, uwa ɗaya,
babu wadda ta yarda ta san 'yar'uwarta.

Ƙarƙashin doguwar fitilar shago
ta gaskiyar ma ta yi fari-fari, kamar mai jinya.
Na ce, mu fita.
Gindin dogon yaro ta yi duhu.
Cikin rana ta koma ja.
Wani ɗan kabu-kabu ya tsaya yana kallonmu,
dattijo da yarinya suna yawo da albasa guda
daga inuwa zuwa rana, daga rana zuwa inuwa.

Tankari ya sa farce ya ɓare ɓawon farko.
Na ƙasansa wani launi ne.
Ya ɓare na biyu. Wani kuma.
Ya daɗe bai ce komai ba.
Idonsa ya kawo ruwa,
ko yajin ne, ban tambaya ba.

"Shekara talatin ina sayar da ita,"
in ji shi, "na ɗauka na san kamarta."
Sannan ya nuna ɓawo na biyu:
"Wannan. Kamar yadda take da hantsi."

Bugu bakwai na yi kafin la'asar.
Na shida ya ɗauka, ba na bakwai ba.
Bai ce ya yi daidai ba, ya ce, "Za a gane ta."
Ya tafi ya bar min albasar.

Tana nan gefen kwamfuta,
da ita nake awo duk safiya.
Sai dai tun shekaranjiya
ta fara fidda kore a ka.