Sallama ga Maɗaci

Kafin asuba ta gama wanke fuska
Gwaggo Tabawa ta riga ta tashe ni:
"Ɗauki 'yar gatarin, ɗauki ƙoƙon gero,
kada ka tanka wa kowa a hanya."
Muka bi gindin Zaranda, dutsen yana barci,
raɓa na lasar ƙafa, ko kurciya ba ta farka ba.

Gaban maɗaci ta tsaya kamar gaban suruki.
Ta yi sallama. Ta jira.
Ni kuwa dariya na cin cikina,
ɗan aji huɗu, na san itace ba ya amsawa.
Ta ce, "Bai amsa ba? Kai ne ba ka ji ba."
Ta sassaƙi gabas, faɗin tafin hannu,
ta zaga yamma ta ɗebi rabin haka,
kudu da arewa ta bar masa rigarsa.
Ta shafe raunin da jar ƙasa,
ta zuba gero a gindi: "Ga ladanka.
Allah ke warkarwa. Kai ɗan aike, ni 'yar aike."

A hanyar dawowa bakinta ya buɗe,
labarin kakarta, ban san inda ta samo ba:
wai cuta da magani ciki ɗaya suka fito,
nono ɗaya, tabarma ɗaya,
har ranar da suka yi faɗa a kan dutsen nan.
Magani ya yi zuciya ya shige itace,
ya ja ɓawo ya rufe ƙofa.
Cuta ta rasa na yi, ta bi hayaƙin girki,
ta shigo gari tana cigiyar ɗan'uwanta
jiki jiki, gida gida, har yau.
"Shi ya sa ba na zaginta," in ji Gwaggo.
"Ɓatacciya ce. Ka tambayi sunanta,
ka sada ta da ɗan'uwanta a kasko ɗaya,
su rungumi juna, su ba ka wuri."

Na ga an kawo Gagarau makiyayi,
ido kamar ƙwaiduwa, shawara ta ci shi.
Ta jiƙa rawaya, ta hana shi man shanu,
ranar kasuwa ta uku ya dawo da ƙwaryar kindirmo.
Na ga mai tari da ɓawon marke,
mai jego da sabara tana tururi.
Na ga wanda ta duba sau ɗaya ta ce,
"Wannan ba nawa ba ne. Ku nemi mota."
Na kuma ga jaririn da bai tashi ba.
Kwana uku ba ta taɓa kasko ba,
ba ta ce aljanu ba, ba ta ce maƙiya ba,
ta zauna kawai tana ɓarar gyaɗa.

Yau ina bayan taga a asibitin Bauchi,
ina ƙirga ƙwayoyi cikin 'yar leda:
biyu da safe, biyu da dare, bayan abinci.
Suna aiki, wallahi suna aiki.
Sai dai ban san gabas ɗinsu ba,
ban san wa zan zuba wa gero ba.

Bara, bayan sadakar arba'in ɗinta,
na koma ni kaɗai, ba gatari.
Na tarar da kututture.
An ce katako, an ce gawayi,
buhunansa sun bi titin Jos tun kaka.
A ɓawon da ya saura na shafa na ji
tabon hannunta, gabas, ya warke sumul.

Daga gefe wani tsiro ya leƙo,
ganye biyar, ja-ja, bai kai gwiwata ba.
Na duba hagu, na duba dama,
da farin takalmina na ma'aikaci,
na gyara murya.

Na yi sallama.
Ina nan ina jira.